Tambaya da Amsa: Tsofar da Ƙananan Jiragen Ƙasa na Kwaikwayo

A fitowar da ta gabata mun buga hotuna biyu na ɗan taragon kwal guda ɗaya, irin ƙananan jiragen ƙasan nan na kwaikwayo da ake shimfiɗa musu layin dogo a kan tebur su riƙa zagayawa da wutar lantarki. Hoton farko ya nuna shi sabo fil yadda ya fito daga kwali, na biyu kuwa ya nuna shi bayan an yi masa aikin da na saba kira tsofarwa, wato a sa masa ƙura da tsatsa da baƙin hayaƙi da koɗewar fenti, har mai kallo ya ɗauka ya yi shekara 20 yana jigilar kaya cikin rana da ruwan sama. Wasiƙun da suka biyo bayan waɗannan hotuna sun fi ƙarfin wannan fili, saboda haka na zaɓi waɗanda tambayoyinsu suka fi maimaituwa, na taƙaita su ba tare da na taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni sabon shiga ne, kuma gaskiya hoton farko ya fi burge ni. Me zai sa mutum ya mallaki abu mai kyau da tsabta, sannan ya zauna ya ɓata shi da hannunsa? Idan kuma akwai hikima a ciki, ta ina ake farawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka tana kan hanya, kuma babu laifi ko kaɗan mutum ya bar jiragensa yadda suka fito daga masana'anta. Masu tara su domin adanawa ma haka suka fi so, don wanda aka taɓa fentinsa yakan rage daraja a wurinsu, sai fa idan hannun gwani ne ya yi aikin. Amma wanda ya kafa dogo da tasha da gada, yana son ido ya yarda cewa duniya ce ta gaske aka ƙanƙantar, shi kam ba shi da abokin gaba irin sheƙin roba. Jirgin gaske ba ya kwana biyu a kan hanya ƙafafunsa ba su canza launi ba, saboda haka idan aka ajiye tarago mai ƙyalli daga sama har ƙasa a gefen tashar da aka sha wahalar ginawa, nan take sai komai ya koma kayan wasa, har da tashar.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara nuna wa jama'a wannan shi ne wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, John Allen, wanda ya zauna a garin Monterey na jihar Kalifoniya. Tun daga ƙarshen shekarun 1940 hotunan layin dogonsa, wanda ya raɗa wa suna Gorre & Daphetid, suka riƙa fitowa a mujallun masu wannan sha'awa, mutane suna ganin gine-gine da jiragen da suka koɗe suka yi tsatsa, a zamanin da kusan kowa sabon fenti yake alfahari da shi. Ya rasu a watan Janairu na 1973, kwanaki kaɗan bayan haka gobara ta cinye layin, amma hotunan sun rage, kuma ina ganin ba banza ba ne da ya zama mai ɗaukar hoto ne ya buɗe wannan ƙofa, domin sana'arsa ta riga ta koya masa kallo.

Da kallo ake farawa, ba da buroshi ba. Kowane tabo da ke jikin jirgin gaske yana da abin da ya jawo shi. Rana tana koɗar da fenti daga sama, ruwan sama yana wanko dauɗar rufi ya gangaro da ita ziri-ziri ta gefe, ƙafafu suna watso ƙurar dogo zuwa ƙasan tarago da goshin wanda ke biye, kayan da aka loda suna barin nasu sawun, hannayen ma'aikata kuma suna goge fenti a marikai da matakala. Wanda ya san dalilin tabo ba zai sa shi inda bai kamata ba. Don haka ka nemi hotuna masu launi na ainihin irin taragon da ke hannunka, na zamanin da kake kwaikwaya da yanayin ƙasar da yake aiki a cikinta, domin jirgin da ke ratsa busasshiyar ƙasa fari-fari yake yi da ƙura, na ƙasa mai yawan ruwa kuwa duhu yake yi da tsatsa. Ka kafa hoto ɗaya a gabanka, ka kwaikwayi abin da ke cikinsa kaɗai, ka ajiye abin da zuciyarka take raya maka. Kada kuma ka fara da kan jirgi, wato injin da ke jan taragai. Ka sami tsohon taragon kaya wanda ba za ka ji ciwo ba idan ya lalace, ka wanke shi da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu domin ka cire maiƙon hannu, ka bar shi ya bushe sarai kafin fenti ya taɓa shi.

Tambaya: Malam, na gwada a kan wani taragon kaya mai ruwan toka. Na tsinka baƙin fenti na shafe shi gaba ɗaya, amma da ya bushe sai ya fito kamar wanda aka ciro daga gobara. A ina na kuskure, kuma akwai gyara?

Amsa: Kuskuren biyu ne, ɗan'uwa, launin da kuma yawansa, amma na launin ya fi girma. Baƙi wuluk ba ya cikin launukan dauɗa. Ka yi wannan lissafi tare da ni. Idan taragonka na ma'aunin HO ne, wanda shi ne ya fi yaɗuwa a duniya, an ƙanƙantar da shi sau 87 ke nan, kuma idan kana kallonsa daga tazarar santimita 60, daidai yake da ka tsaya kimanin mita 52 daga taragon gaske. Daga wannan nisa iskar da ke tsakani tana dushe kowane launi, har kwal ma toka-toka mai duhu ake ganinsa. A ma'aunin N, inda ƙanƙantarwar ta kai sau 160 a yawancin ƙasashe, abin ya fi haka tsanani, sai an ƙara sassauta launi. Wannan lissafi yana aiki a kan girman tabo ma: zirin da faɗinsa milimita 1 ne a jikin taragon HO, a gaske ya kusa santimita 9.

Launin da ya fi yawa a ƙasan jirgi ruwan ƙasa ne mai duhu, kuma akwai dalili. Tsofaffin taragai birkinsu dunƙulen ƙarfen zubi ne da yake matse ƙafa, duk taka birki yana zubar da garin ƙarfe, garin ya manne a jikin mai da giris ya yi tsatsa, ya gauraya da ƙurar hanya. Ni nakan haɗa kashi 2 na ruwan ƙasa da kashi 1 na baƙi marar sheƙi, in ɗiga ɗan toka-toka, in kuma riƙa ɗan canza haɗin daga tarago zuwa tarago domin kada su fito kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya.

Game da yawa kuwa, fentin da ake wanke tarago da shi bai kamata ya wuce kashi 1 cikin 10 na haɗin ba, sauran duk tina ce, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, ya zama tsararo kamar ruwan da aka ɗauraye buroshi a ciki. Ba shafa shi ake yi ba. Sai ka tsoma siririn buroshi, ka dangana bakinsa a tsagin da ke tsakanin katako da katako ko a gindin ƙarfen da ya taso, za ka ga ruwan ya kama hanya da kansa yana bin tsagin har ƙarshe, yana kewaye kan kowace ƙusa. Bayan kamar minti 10 sai ka ɗauki buroshi mai faɗi, ka jiƙa shi da tina ka matse, ka riƙa jan sa daga sama zuwa ƙasa, koyaushe daga sama zuwa ƙasa, yadda ruwan sama yake yi. Abin da ke fili zai tafi, abin da ke lungu ya zauna. Idan ya bushe ka ga bai isa ba, sai ka sake, don ƙari yana da sauƙi, ragi ne mai wuya.

Gyaran naka ya danganta da irin fentin. Idan fentin mai ne kuma bai wuce kwana ɗaya ko biyu ba, tsinken auduga da aka jiƙa da tina mai sauƙi zai ɗebe mafi yawansa, kuma sau da yawa abin da ya saura a lunguna shi ne daidai abin da ake nema tun farko. Idan fentin ruwa ne, wato akirilik, da zarar ya bushe ruwa ba ya tayar da shi, sai sifirit irin na isofurofil, shi ma a hankali, domin yana iya ɗaga rubutu da lambobin masana'anta. Abin da nake roƙonka shi ne ka nisanci tina mai ƙarfi irin ta fentin mota da kuma asiton, domin suna narkar da robar da ake yin waɗannan jirage da ita. Na koyi wannan ne a kan wani taragon fasinja da nake ji da shi. Na so in goge tabon da ya ɓata mini, na ɗiga irin wannan tina a tsumma na dangwala sau ɗaya tak. Kafin in ɗaga hannu tagogi uku sun yi fari fat kamar an shafa musu alli, gefen taragon ya yi laushi har zanen babban yatsana ya fito raɗau a jikinsa, kuma har yau yana nan. Duk ruwan da ba ka saba da shi ba, ka fara gwada shi a cikin cikin tarago inda ido ba ya kaiwa.

Tambaya: Malam, ina da kan jirgi mai tururi, baƙi, kuma ina tsoron taɓa shi. Tun da baƙi ne dama, wace dauɗa ce za ta fito a jikinsa? Kuma fenti ba zai hana shi tafiya ba?

Amsa: Tsoron naka yana da amfani, malam, kuma zan zo kansa. Amma ka sani cewa a cikin dukan jirage babu mai yawan launi irin baƙin kan jirgi mai tururi da ke bakin aiki, domin wuta da ruwa da mai da kwal da yashi duk suna aiki a jikinsa, kowanne da inda yake barin shaidarsa.

Ka fara daga sama. Hayaƙi yana fita daga bututu, jirgi yana tafiya gaba, saboda haka kunkunniya tana sauka a gadon bayan tukunyar tururi da rufin ɗakin direba, busasshiya marar sheƙi ko kaɗan, ta fi kauri a tsakiya tana sirancewa zuwa gefe. Gaban tukunya, inda hayaƙi ke taruwa kafin ya fita, shi ya fi ko'ina zafi a waje, don haka fentinsa yakan ƙone ya koma toka-toka, wani lokaci ƙasan ƙofarsa ya yi jar tsatsa. Inda duk ruwa ko tururi ke tsiyaya, kamar gindin usur da bawul ɗin da ke rage matsin tururi da matosan da ake buɗewa a wanke tukunya, akan ga farin ziri ya gangaro yana bin kewayen tukunyar, wanda ba komai ba ne illa farar ƙasar da ke narke cikin ruwa, ruwan ya ƙafe ya bar ta. Wannan ziri yana ƙawata jirgi ƙwarai, shi ya sa mutane suke wuce gona da iri a kansa. Guda biyu ko uku sirara sun isa, kuma da fari mai ɗan toka-toka ake yin su, ba fari tas ba. Ƙarƙashin murhu, inda ake zubar da toka, yakan yi fari-fari da ja-ja, kusa da bututun da ke zuba yashi a kan dogo domin ƙafafu su kama kuma akan sami ƙura mai ɗan rawaya.

Sandunan ƙarfen da ke juya ƙafafu su kuma nasu daban ne, domin kullum cikin mai suke. Launinsu ruwan ƙasa ne mai duhu da ɗan sheƙi, kuma ɗigon banish mai ƙyalli a mahaɗansu da gindin silinda yana sa su fito a jiƙe. Wannan bambanci tsakanin busasshen sama da maiƙon ƙasa shi ne yake raya baƙin kan jirgi, fiye da kowane launi da za ka ƙara. A taragon kwal da ruwa da ke biye da shi, ka sa tsatsa da alamar ruwan da ya kwanta a kewayen bakin tanki, kuma idan ka sami ɗan gutsuren kwal na gaske ka daka shi ka manna a kan tulin robar da masana'anta ta yi, za ka ga bambanci nan take. Gefen matakala da marikai kuwa, goga musu bakin fensir mai laushi kawai ya isa ya nuna ƙarfen da tafin ƙafa da hannu suka goge.

Yawan dauɗar ya danganta da zamani da aikin jirgin. A Birtaniya, misali, an daina amfani da tururi a manyan layukan gwamnati a watan Agusta na 1968, kuma hotunan shekarun ƙarshe suna nuna kawunan jirage da dauɗa ta rufe har lambarsu ba ta karantuwa, saboda masu goge su sun yi ƙaranci kuma an san kwanansu ya ƙare. Amma kan jirgin fasinja mai sauri na shekarun da suka gabaci haka goge shi ake yi da tsumma mai ɗan mai, yana sheƙi mai zurfi, dauɗa tana maƙale ne kawai inda hannu ba ya kaiwa. Idan irin wannan kake so, sai ka sa dauɗar ka bi ta da tsinken auduga ka goge, kamar yadda mai gogewar na gaske ya yi.

Yanzu batun tafiya. Jirgin yana ɗaukar wuta ne daga dogo ta fuskar ƙafafun da ke taka shi, wutar ta bi ta wasu siraran ƙarafa da ke shafar bayan ƙafafun ta isa ɗan injin da ke ciki. Waɗannan wurare biyu dole su kasance tsaf. Idan da hali ka cire gangar jikin ka yi mata aiki ita kaɗai, ka rufe injin da haƙoran da ke juya ƙafafu da salatif na takarda. Lokacin da za ka fesa wa ƙafafu launi, ka sa su suna juyawa a hankali, in ba haka ba sandunan za su kare wani sashe, ka ga tabon da feshin bai taɓa ba yana zagayawa idan jirgi ya tashi. Da ka gama, kafin fenti ya ƙanƙame, ka shimfiɗa 'yar takarda mai shan ruwa da ka jiƙa da sifirit a kan dogo, ka ɗora rabin ƙafafun a kanta rabi a kan dogo, ka ba shi wuta yana riƙe a hannunka har fuskar ƙafafun ta koma ƙarfe, sannan ka juya shi ka yi wa sauran.

Tambaya: Malam, taragan fasinja da kan jirgi mai dizal fa? Haka ake yi musu kamar na kaya?

Amsa: A'a, kuma nan ne da yawa suke ɓata jerin jirgi mai kyau. Taragon fasinja ana wanke shi, a manyan tashoshi ma ratsa shi ake yi ta cikin injin wanki mai buroshi a gefe da gefe. Buroshin yana samun gefuna ne kaɗai, saboda haka gefen yana da tsabta da ɗan sheƙi, amma rufi da goshi da ƙeya da ƙasan tarago suna nan da dauɗarsu, haka ma tsagin ƙofofi da gindin marikai. Ka rufe tagogi da gefe, ka yi wa rufi toka-toka mai duhu, ƙasa kuma ruwan ƙasan nan na birki, ka bar ɗan hazonsa ya hau ƙasan gefe kaɗan. Kada rufin taragai biyu da ke jere su zama launi ɗaya sak, domin ba rana ɗaya suka fito daga gyara ba.

Kan jirgi mai dizal shi ma ana wanke gefensa, kuma magungunan wankin tare da rana suna koɗar da fentinsa, abin da ake kwaikwaya da hazo siriri na launin jikinsa da aka sassauta da fari. Baƙinsa yana kewayen bututun hayaƙi a rufi, ya bazu gaba da baya idan jirgin mai tafiya ta kowane ɓangare ne. Ragar da iska ke shiga tana son wanki mai duhu domin zurfinta ya fito, bakin tankin mai kuma yana da ziri mai sheƙi inda dizal ya zuba. Mai amfani da wayar lantarki ta sama ba shi da hayaƙi, amma hannun ƙarfen da ke shafar wayar yana zubar da gari mai duhu a rufin da ke kewaye da shi.

Tambaya: Malam, tsatsar da ke hoton taragon kwal ɗin nan ita ta fi ɗaukar hankalina. Na sayi fenti mai launin tsatsa na ɗiɗɗiga, amma sai ta fito kamar ƙyanda. Yaya aka yi taka?

Amsa: Ta fito kamar ƙyanda ne saboda launi ɗaya ka yi amfani da shi, kuma ɗigon buroshi kewayayye ne, ita kuwa tsatsa ba ta da launi ɗaya kuma ba ta kewaya. Sabuwar tsatsa ruwan goro ce mai haske, idan ta kwana biyu ta koma ja mai duhu, tsohuwa kuwa ruwan ƙasa ce da ta kusa baƙi. A jikin tarago tsohuwar ce ta fi yawa nesa ba kusa ba, tana tsakiyar tabo, mai hasken tana bakin-bakinsa da kuma zirin da ruwa ya ja ƙasa. Sannan tana da wuraren da take farawa: bakin sama inda kaya ke bugawa wajen lodi, kewayen ƙofa da sakatarta, layin walda, da ƙasan bango inda jiƙaƙƙen kwal ke kwanciya daga ciki yana cin ƙarfe. Taragon da ke hoton kwaikwayon taragan ƙarfe ne masu ɗaukar tan 16 da hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta yi amfani da su da yawan gaske wajen jigilar kwal bayan yaƙin duniya na biyu, waɗanda aka san su da fentin toka-toka da tsatsa ta cinye rabinsa.

Ga yadda na yi. Na yago ɗan guntun soso da yatsa domin bakinsa ya zama ba daidai ba, na riƙe shi da hantsaki, na tsoma a ruwan ƙasa mai duhu, na daddanna a takarda har ya kusa bushewa, sannan na dangwala a waɗancan wurare, ina juya sosan kowane dangwale domin kada siffa ɗaya ta maimaitu. Da ya bushe sai na koma ga fentin mai irin na masu zane, wanda ke zuwa cikin 'yar tub. Na matso kaɗan a kan kwali na bar shi 'yan sa'o'i kwalin ya tsotse yawan man, na ɗauki kamar kan allura da tsinke na ajiye a ƙasan wasu tabban, ba duka ba, na ja shi ƙasa da buroshi mai ɗan danshin tina. Ɗigon sai ya miƙe ya zama ziri mai kauri a sama yana ɓacewa a ƙasa. Daɗin wannan fenti shi ne jinkirin bushewarsa, kana da sa'o'i kana gyarawa, amma sai ka ba shi kwanaki kafin ka ɗora wani abu a kansa.

Akwai wata hanya ga mai son fenti ya ɓamɓare da gaske. Ana fara fente taragon da launin tsatsa, a bar shi ya bushe, a jiƙa wasu wurare a barbaɗa gishiri, a fesa launin jiki a kai, sannan a kakkaɓe gishirin tsatsar ta leƙo daga ƙasa. Tana ba da sakamako mai kyau domin ta bi tsarin gaskiya, tsatsa a ƙasa fenti a sama, sai dai tana bukatar sake rubutun tarago, kuma dole a ɗauraye gishirin sarai. Ka tuna kuma katako ba ya tsatsa. A taragon katako ƙarafan da suka ɗaure shi ne kaɗai ke yi, katakon kuwa koɗewa yake yi ya koma toka-toka, wani lokaci a ga sabon falanki ɗaya ko biyu da aka canza ba a fente ba.

Tambaya: Malam, na yi aiki da hoda mai launi ya yi kyau, amma da na fesa banish domin ta zauna sai kusan duk ta ɓace.

Amsa: Haka take yi, ɗan'uwa, musamman mai haske, domin banish yana jiƙa ƙwayoyinta su daina mayar da haske yadda suke yi a bushe. Ka juya tsarin: ka fara fesa banish marar sheƙi domin hodar ta sami abin kamawa, sannan ka goga ta da buroshi mai laushi ka bar ta haka, ka riƙa ɗaukar taragon ta ƙasa. Idan jirgin mai yawan shan hannu ne kuma dole a rufe, sai ka sa hodar ta ɗan fi yadda kake so, ka fesa banish sama-sama daga nesa, ka maimaita sau biyu ko uku. Wanda bai sami hodar da aka yi don wannan aiki ba yana iya goga busasshen allin zane mai launi a kan samfefa, banda mai maiƙo. Ka rufe tagogi kafin banish domin yana dushe su, kuma ka nisanta hoda daga haƙoran inji, don idan ta haɗu da giris takan zama kamar samfefa tana cin su.

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara 12 ya ƙwallafa rai a kan wannan aiki, yana cewa sai an saya masa 'yar bindigar feshi. Dole ne sai da ita? Kuma waɗannan fentoci ba za su cutar da shi ba?

Amsa: Ba dole ba ne, Hajiya, kuma ina ba da shawarar a jinkirta. Abin da bindigar feshi ta fi buroshi da shi guda ne, wato hazo siriri mai laushi irin na ƙura da hayaƙi, kuma hoda tana ba da kusan irinsa. Sauran aikin duka, wanki da tsatsa da ziri da gogewa, na buroshi ne da soso da tsinken auduga, kuma yaron da ya fara da su zai koyi kallon hoto da haƙuri, alhali bindiga a hannun sabon shiga takan sa ya lulluɓe komai da launi ɗaya cikin minti 2.

A shekarunsa ya tsaya a kan fentin ruwa da allin zane, a ɗaki mai buɗaɗɗiyar taga, ya wanke hannu idan ya gama, kada kuma ya saba da gyara bakin buroshi da leɓe, ko hure hoda da baki, domin cikin hancinsa za ta koma. Tina da sifirit suna kama wuta kuma tururinsu yana sa ciwon kai, saboda haka su zauna a hannunki, a rufe, nesa da wuta, ya yi amfani da su ne kawai kina kusa. Ranar da ya kai ga feshi, ko da fentin ruwa ne, zai bukaci takunkumi mai matatar da aka yi don fenti, domin na ƙyalle ba ya tare hazon, tare da wurin da iska ke fitar da shi waje. Kafin nan ki samo masa tsofaffin taragan kaya guda biyu iri ɗaya, da buroshi uku, siriri da mai faɗi da mai laushi, da launuka huɗu, baƙi da fari da ruwan ƙasa da ruwan goro. Ya yi aiki a kan ɗaya ya bar ɗayan yadda yake, ya riƙa jera su a gefen hoton da yake kwaikwaya bayan kowane shafi ya bushe, idan ya gama kuma ki aiko mana da hoton taragan biyu mu sa a wannan fili.